Ƙirgen Littattafai Da Auna Karatu: Sharhi Kan Hujjojin Amfanin Laburaren Makaranta A Ƙasar Ngaski

1.0 GABATARWA

Duk malamin da aka taɓa ɗora wa nauyin kula da laburaren makaranta ya san wata rana da ba ya ƙaunar zuwanta. Ita ce ranar da ɗalibai suka yi yawa, ajujuwa suka yi kaɗan, shugaban makaranta ya tsaya a ƙofar ɗakin littattafai yana aunawa da ido ko zai ɗauki benci nawa. A wannan rana akan tambayi malamin laburare amfanin ɗakinsa, kuma galibi amsar da yake bayarwa ita ce ya ɗauko rajista ya nuna yawan littattafan da ke kan kanta da yawan yaran da suka sa hannu. Daga nan sai a gode masa, a kwashe littattafan a zuba a kwali a kai sito, shi kuwa a ƙara masa darussa a jadawali.

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan irin hujjojin da aka saba kafawa idan ana so a nuna cewa laburaren makaranta yana ƙara wa ɗalibi ilmi, mu kuma auna su da yanayin ƙasar Ngaski da maƙwabtanta na gaɓar tafkin Kainji. Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan waɗannan hujjoji labarin ɗaki suke bayarwa da kayan da ke cikinsa, alhali kuwa abin da iyaye da hukuma suke son ji shi ne labarin yaro, watau me ya iya a ƙarshen zango wanda bai iya ba a farkonsa. Da muka ce malamin laburare, muna nufin duk wanda makulli ke hannunsa, ko ya yi karatun aikin, ko kuwa malamin aji ne da aka haɗa masa da wannan nauyi, domin na biyun ne ya fi yawa a makarantun karkara.

2.0 YANAYIN ƘASAR

Ngaski tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na masarautar Yawuri a Jihar Kebbi. Sauran biyun su ne Yawuri da Shanga. Hedkwatarta tana Wara, a bakin tafkin da ya samu bayan an kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, lokacin da aka tashi kimanin mutum 44,000 daga tsibirai da garuruwan bakin Kwara na ƙasashen Yawuri da Borgu aka sake musu matsuguni. Akwai abubuwa uku game da wannan ƙasa da duk mai son auna karatun yara ya wajaba ya riƙe su a zuciya.

Na farko shi ne harshe. Yara da yawa daga gidajen Kambari da Gungawa da Shangawa da Lopawa da Fulani sukan zo makaranta da harshen gida, su tarar da Hausa a kasuwa da filin wasa, sa'an nan su tarar da Ingilishi a littafi. Harsuna uku ke nan kafin yaro ya cika shekara goma.

Na biyu shi ne lokaci. Kwara tana cika sau biyu a shekara a wannan yanki, da damina, sa'an nan da hunturu sa'ad da ruwan da ya sauka can saman kogin, wajen Gini da Mali, ya iso. Sana'o'in gaɓa, su da noman shinkafa da na albasa, suna bin hawa da saukar ruwa, kuma dukkansu suna bukatar hannun yara. Gwamnatin Tarayya da kanta ta san da wannan, shi ya sa hukumar ilmin makiyaya da ta kafa a 1989 aka haɗa mata daga baya da 'ya'yan masunta masu ƙaura.

Na uku shi ne katsewar karatu saboda rashin tsaro. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski, suka tafi da ɗalibai da malamai. Karatu ya tsaya a makarantar, tsoro kuma ya shiga zukatan iyayen yankin. Duk ma'aunin da ya ɗauka cewa yaro yana zuwa makaranta kullum, da harshe guda, cikin kwanciyar hankali, ba zai faɗi gaskiya a nan ba.

3.0 HUJJOJIN DA AKA SABA KAFAWA

3.1 Yawan Littattafai

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta sanya laburare cikin muhimman abubuwan da ilmi ke bukata, ta kuma nemi ma'aikatun ilmi na jihohi su tanadi kuɗin kafa shi a makarantu, su horar da masu kula da shi. A wannan shekara ce kuma aka kafa Ƙungiyar Laburarun Makarantu ta Nijeriya. Tun daga lokacin, tambayar da sufeto ya saba yi ita ce, akwai ɗaki? Littattafai nawa ne a ciki? Tambaya ce mai kyau a zamanin da ake fafutukar a samu ɗakin kansa, amma ta daɗe da zama al'ada, har an manta cewa matakin farko ce kawai.

Mun taɓa zuwa wata makaranta a gaɓar tafki domin duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa. Da muka nemi ganin laburare, sai da aka aika kiran malamin da makulli ke wurinsa daga wani aji. Muka tarar da kantoci cike, komai a jere, an share ƙura. Amma mafi yawan littattafan kyauta ce daga ƙasashen waje, an rubuta su ne domin 'yan jami'a, wasu ma ba a taɓa buɗe su ba. Na Hausa ba su cika hannu ɗaya ba. A takarda, wannan laburare ya fi na makarantu da yawa. A hannun yaron aji ɗaya na ƙaramar sakandare kuwa, babu abin da zai iya karantawa. Mutanen Wara ba sa sanin gwanin masunci da yawan komar da ya shanya a bakin ruwa, jira suke yi ya dawo su leƙa cikin jirgi. Haka nan masu bincike na cibiyar nazarin kifi da ke Sabuwar Busa, in sun ƙirga jirage da komaye, sai sun koma sun auna kifin da aka kamo kafin su ce komai a kan albarkar tafkin.

3.2 Rajistar Shiga Da Ta Aro

Rajista ta fi ƙirgen littattafai kusa da yaro, amma ƙafarsa take shaida, ba ta shaida karatunsa. Wani inuwa ta kawo shi, wani malamin aji ne bai zo ba aka koro su nan, wani kuwa horo aka yi masa. Rajistar aro ma tana iya yin ƙari, tana iya yin ragi. Littafi yakan kwana bakwai ƙarƙashin tabarma ba a buɗe shi ba, wani kuma yakan shiga gida ɗaya yara biyar su saurare shi a tsakar gida, har da waɗanda ba sa zuwa makaranta, rajista ta rubuta mutum ɗaya.

3.3 Sakamakon Jarrabawa

Wasu malaman laburare, da suka ga rajista ba ta gamsar da kowa, sai suka koma ga sakamakon WAEC da NECO, suna cewa tun da aka buɗe laburare ɗalibai suka ƙara cin Ingilishi. Wannan hujja tana da illa uku. Da fari, hannuwa da yawa ne suka dafa wannan tuwo: malamin darasi, da mai koyarwar yamma, da halin gida, da tsaurin masu tsaron jarrabawa ko sakacinsu. Na biyu, wanda ya ɗauki yabo a shekarar da aka ci, dole ya ɗauki zargi a shekarar da aka faɗi, ko da rufe makaranta ne ya jawo faɗuwar. Na uku, kuma shi ne mafi muni, jarrabawar ƙarshe waɗanda suka kai ƙarshe kaɗai take ƙirgawa. Ɗan masuncin da ya bari a aji biyu, da yarinyar da aka cire, ba sa cikin lissafi, alhali su ne suka fi kowa bukatar a san ko sun fita da karatu.

4.0 NAZARCE-NAZARCEN ƘASASHEN WAJE

Masu rubutu a kan wannan fanni a ƙasarmu sukan jingina da wasu nazarce-nazarce na waje. Za mu duba uku daga cikinsu, mu ga wanne ne zai ɗauki nauyin da ake ɗora masa.

4.1 Nazarin Kolorado

A 1993 Keith Curry Lance da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a makarantu fiye da 200 na jihar Kolorado ta Amurka. Sun gano cewa makarantun da laburarensu ya fi yawan ma'aikata da kayan karatu, ɗalibansu sun fi cin gwajin karatu, kuma sun yi ƙoƙarin ware tasirin talaucin iyaye ta hanyar lissafi. Aiki ne mai daraja, an kuma maimaita irinsa a jihohi da dama na Amurka. To, sai dai abin da ya nuna shi ne abubuwa biyu suna tafiya tare, kuma ya dogara ga bayanan da hukuma ta riga ta tara daga kowace makaranta. Malamin laburare guda a Libata ko Wara ba shi da makarantu ɗari biyu da zai gwada, kuma idan ya ce wa shugaban makarantarsa an gano haka a Kolorado, amsar da zai samu ita ce nan ba Kolorado ba ce.

4.2 Nazarin Ohayo

A 2003 Ross Todd da Carol Kuhlthau suka tambayi ɗalibai fiye da 13,000 a makarantu 39 na jihar Ohayo yadda laburare ya taimake su, kusan dukkansu kuma suka ce ya taimaka. Kyawun wannan nazari shi ne ya saurari ɗalibi, kuma Todd ya yi ta jan hankalin malaman laburare su riƙa tara shaida daga aikinsu na yau da kullum. Rauninsa kuwa shi ne, tun farko makarantun da aka san laburarensu na da kyau aka zaɓa, sa'an nan abin da ɗalibi ya faɗa aka rubuta. A ƙasarmu, inda tarbiyya ta hana yaro ya dubi malami ya ce aikinsa bai amfane shi ba, irin wannan tambaya ladabi za ta auna.

4.3 Nazarin Fiji

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin da Warwick Elley da Francis Mangubhai suka fara a 1980 a makarantun karkara na tsibiran Fiji, inda Ingilishi ba harshen gida ba ne, littattafai kuma ba su da yawa. Sun ba wasu ajujuwan firamare na huɗu da na biyar littattafan labarai kimanin 250 kowane aji, aka ware kusan rabin sa'a kullum domin karatu, wasu ajujuwan kuma suka ci gaba da darasinsu na da. An gwada yaran kafin a fara, aka sake gwada su bayan wata takwas, sai aka tarar masu littattafai sun ci gaba a fahimtar karatu da ta sauraro kusan ninki biyu na yadda aka saba. Da aka sake dubawa a shekara ta biyu, ribar ba ta zube ba.

Abin koyi a nan tsarin aikin ne: an auna kafin, an auna bayan, an kuma sami waɗanda za a kwatanta da su. Amma sai mu yi adalci, malaman aji ne suka gudanar da wannan gwaji, saboda haka amfanin littafi mai daɗi da lokacin karanta shi ya tabbatar. Rabon malamin laburare shi ne ya nuna cewa shi ne ya zaɓi littafin da ya dace da yaron, ya kai masa shi, ya kuma tsare masa lokacin.

5.0 ABIN DA ZAI YIWU A NGASKI

Shawarwarin da za mu bayar ba sa bukatar kwamfuta ko lantarki. Littafin rubutu ɗaya, da agogo, da yardar malamin aji sun isa.

Na farko, gwajin minti ɗaya. A makon farko na zango a ba kowane yaro ɗan gajeren labari ya karanta a bayyane, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sa'an nan a yi masa tambaya huɗu ko biyar a kan abin da ya karanta. A yi da Hausa, a yi da Ingilishi. A makon ƙarshe a maimaita da wani labari mai nauyi daidai da na farko. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Arewa. An yi amfani da irinta da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato tun 2011, kuma ita ce ta tona cewa mafi yawan yaran aji uku da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, abin da ƙirgen littattafai bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Na biyu, kwatanci na adalci. Idan aji yana da rassa biyu, a ba reshe ɗaya akwatin littattafai da rabin sa'ar karatu a zangon farko, ɗayan kuma a ba shi a zango na biyu. Ta haka babu wanda aka hana, kuma an sami abin kwatantawa. Idan reshen farko ya wuce gaba, sa'an nan na biyu ya cim masa bayan ya sami akwatin, to, malami ya sami hujjar da za ta tsaya da ƙafafunta.

Na uku, a gefen sakamakon kowane yaro a rubuta harshen gidansu da kwanakin da bai zo ba. Ba tare da wannan ba, za a ɗora wa laburare laifin lokacin dashen albasa, ko a yaba masa a kan abin da yaro ya taho da shi daga gida. Haka kuma wannan shafi ne zai nuna ko 'ya'yan Hausawa ne kaɗai ke amfana, a bar na Kambari a baya, domin matsakaicin aji yakan ɓoye irin wannan rata.

Na huɗu, aikin hannun ɗalibi. Laburaren makaranta ba wurin karɓa kaɗai ba ne, yana iya tara abin da babu shi a kowane littafi. Har yanzu akwai tsofaffin da suka ga tashin garuruwansu a 1968. A tura ɗaliban sakandare su tambaye su sunayen tsibiran da ruwa ya ci, da sunayen kifaye da kayan su da harshen gida, su rubuta, su gyara da taimakon ƙamus da taswira, a adana rubutun farko da na ƙarshe tare. Mai dubawa zai ga bambanci da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Ɗaliban ba za su rasa abin koyi ba, domin Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya rubuta sanannen littafi a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, aka buga shi a 1978, ya kuma shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980, ɗan Ngaski ne, kuma da nazarin tarihin Yawuri ya fara. Laburaren da ke ƙasar Ngaski wanda ɗalibansa ba su taɓa jin sunansa ba, akwai gyara a aikinsa.

Na biyar, rahoto. A ƙarshen zango a rubuta shafi ɗaya tak da Hausa mai sauƙi, a ba shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai gari: yara nawa aka gwada, ina suka fara, ina suka kai, su nawa ne ba su motsa ba. Ranar taron iyaye kuma a sa yaro ya karanta a gaban mahaifinsa. Uban da ya bar ɗansa ya zo makaranta ranar da ake bukatarsa a jirgi yana da haƙƙin ya ji da kunnensa abin da aka ba shi a maimakon wannan rana.

6.0 INDA WANNAN HANYA KE DA RAUNI

Tun da mun soki hujjojin wasu, wajibi ne mu faɗi aibin tamu. Yaran aji ɗaya ba su da yawan da za a gina hukunci na ƙasa baki ɗaya a kansu, shaida ce ta makaranta guda a zango guda. Sa'an nan idan malami ya san da saurin karatu za a auna shi, yana iya mayar da laburare wurin tseren baki, yara su riƙa zuba kalmomi ba fahimta, shi ya sa muka ce kada a raba gwajin da tambayoyi. Haka kuma bai kamata malamin laburare ya gwada yaran shi kaɗai ba, yabon kai jahilci ne. Malamin aji ko ɗalibin kwalejin ilmi mai koyon koyarwa ya riƙe agogo. A rahoto a sa lamba a maimakon sunan yaro, domin kada a kunyata wanda bai iya ba a gaban gari. Daga ƙarshe, wata rana sakamako zai fito babu ci gaba. Wannan ma a rubuta shi, domin shi ne zai nuna ko littattafan sun yi wa yaran nauyi, ko rabin sa'ar ce ake cinyewa da shara da ɗiban ruwa.

7.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun duba hujjoji uku na gida da nazarce-nazarce uku na waje, muka ga cewa wanda ya auna yaro kafin da bayan shi ne kaɗai zai amfani malamin laburare a ƙasa irin ta Ngaski. Nauyin da ya rage a kanmu yake, mu malaman kwalejojin ilmi, domin daga hannunmu waɗannan malamai suke fita. Mun koya musu jera littattafai da buga musu lamba, amma ba mu koya musu zama da yaro da agogo na minti ɗaya ba. Muna ba da shawarar a sa wannan cikin aikin da ake nema daga kowane ɗalibi a lokacin koyon koyarwa, ya dawo da shafinsa guda na farkon zango da ƙarshensa. Malamin da ke da irin wannan shafi a aljihu, ranar da shugaban makaranta ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana ƙirga benci, yana da abin da zai miƙa masa.